Tarihin Bashi da Rancen Gida na Gwamnati: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi a Kano

Na daɗe ina taya 'yan ƙungiyarmu ta gama kai haɗa takardun neman rancen gida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake tare ni da su a ofis, a bakin masallaci bayan La'asar, har a wajen ɗaurin aure. Mutum zai shekara yana tara kuɗin kafin alƙalami, ya yi ta zirga-zirga a kan takardun fili, amma bai taɓa tambayar abin da aka rubuta a kan lambar BVN ɗinsa ba. Sai fayil ya isa teburin banki, a buga lambar a kwamfuta, wani tsohon bashi na naira dubu 40 ya fito ya tsayar da maganar miliyan 8. Shi ya sa na fi ba da ƙarfi a wannan ɓangaren.

Wai wane rance ne ake kira rancen gida na gwamnati?

Wanda aka fi sani shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, da aka kafa da doka a 1992. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, shi ke riƙe da asusun. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata, kuma idan ya yi aƙalla wata 6 yana zubawa, ya cancanci nema. Ruwan rancen kashi 6 cikin 100 ne a shekara, ana iya biya har tsawon shekara 30. A da iyakarsa miliyan 15 ce, daga baya aka ɗaga zuwa miliyan 50.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba FMBN ke miƙa maka kuɗin hannu da hannu ba. Ta wani bankin jinginar gidaje da aka amince da shi za ka bi. Wannan bankin shi ke karɓar kuɗin daga FMBN ya ba ka, kuma idan ka daina biya shi za a fara riƙewa. To wanda ya san wuyansa ne a ciki dole ya bincike ka ciki da bai. Nan ne maganar tarihin bashi take shigowa.

Mene ne tarihin bashin, kuma wa yake rubuta shi?

Bayani ne na duk bashin da ka taɓa ci a banki ko wata cibiyar kuɗi mai lasisi: nawa ka karɓa, yaushe, nawa ya rage, ka biya kan lokaci ko ka yi jinkiri, jinkirin na kwana nawa. Kamfanoni 3 ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tara wannan bayani: CRC Credit Bureau, FirstCentral da CreditRegistry. Bankunan kasuwanci, ƙananan bankuna da bankunan gidaje duk suna aika musu bayani duk wata. Babban Bankin ma yana da nasa rumbun da ake kira CRMS. Dokar da ta tsara harkar an sa mata hannu a 2017, lokacin Farfesa Yemi Osinbajo yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa.

Igiyar da ta ɗaure komai ita ce BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka fara a 2014. Kafin ta zo, mutum yakan ci bashi a wani banki a titin Murtala Muhammad, ya tsallaka wani a titin Bello ya buɗe sabon asusu kamar ba a yi komai ba. Yanzu wannan ƙofa ta rufe. Ƙa'idar Babban Banki ita ce kafin banki ya ba da rance, sai ya nemi rahotonka daga aƙalla biyu cikin kamfanonin nan uku.

Na gani a intanet wai sai mutum yana da maki 580. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, amma ba a ƙasar nan ba. Maki lamba ce da ake ba mutum gwargwadon yadda yake biyan bashi, kuma 580 ɗin nan ƙa'idar Amurka ce, ta hukumarsu ta FHA da ke tsaya wa masu rancen gida tun 1934. A can, mai maki 580 zuwa sama zai iya ba da kafin alƙalami na kashi 3.5 cikin 100, wanda makinsa ke tsakanin 500 da 579 kuma sai ya ba da kashi 10. Ɗan'uwanka da ke zaune a Amurka wannan lissafin ya shafa.

A nan ma akwai maki. Na CRC, misali, daga 300 yake tashi zuwa 850, kuma duk yadda ya yi sama haka ake so. Sai dai sharuɗɗan NHF an gina su ne a kan zubi, samun kuɗi, shekaru da ingancin takardun gida. Ma'aikacin bankin gidaje rahoton kansa yake karantawa layi-layi. Abin da idonsa ke nema shi ne bashin da ya tsaya ba a biya, da cekin da aka mayar saboda babu kuɗi a asusu, da kuma yawan bashin da ke kanka a halin yanzu.

Ni ɗan kasuwa ne a Kwari. Ban taɓa cin bashin banki ba, kuma duk layinmu an san ba na cin amana. Wannan bai isa ba?

Alhaji, wannan tambayar tana taɓa min zuciya, domin na san gaskiya ka faɗa. A Kantin Kwari, a Singa, a Dawanau, ana ɗaukar kayan miliyoyi a kan kalma ɗaya, a kawo kuɗi bayan mako biyu ba a rubuta ko harafi ba. Akwai dattijon da ya shekara 30 yana karɓar dilar atamfa bashi, bai taɓa saɓa rana ba. A wurina babu tarihin bashin da ya fi wannan tsabta. Amma kwamfutar banki ba ta san shi ba. Adashin da kake zubawa, bashin kanti, kayan da uban gida ya ba ka ka sayar ka kawo, babu ɗaya da ke shiga rahoto.

Rahoton da babu komai a cikinsa ba laifi ba ne, kuma ya fi mai tabo nesa ba kusa ba. Illarsa kawai ita ce bankin bai ga shaidar da zai dogara da ita ba, don haka zai koma kan bayanin shige da ficen asusunka. A nan ne 'yan kasuwarmu ke cutar kansu. Ciniki yana shiga asusun yaron shago, wani yana shiga na mai POS ɗin bakin layi, wani kuma tsabarsa ake ƙullewa a kai gida. Ranar da aka ce kawo bayanin asusu na wata 6 ko shekara, sai a ga mutumin da ke juya miliyoyi asusunsa kamar na ɗalibi.

Shawarata ita ce tun yau ka zaɓi asusu ɗaya da sunanka, ciniki ya riƙa bi ta cikinsa. Ka yi rajistar NHF a matsayin mai sana'ar kansa, domin dokar ta ba ka dama, ka riƙa zubawa ba tsallake. Ka gyara maganar harajinka, saboda takardar shaidar biyan haraji ta shekara 3 tana cikin abin da ake nema. Ba na ba kowa shawarar ya je ya ci bashin da ba ya buƙata don kawai a ga sunansa a rahoto.

Na karɓi kuɗin korona a 2020. Ai an ce tallafi ne. Shi ma zai fito?

Zai fito, domin rance ne. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace tsayar da fayil a hannuna, don haka bari in daɗe a kanta.

A 2020 Babban Banki ya ware naira biliyan 50 a matakin farko domin rage wa magidanta da ƙananan 'yan kasuwa raɗaɗin kullen korona, aka raba ta ƙaramin bankin NIRSAL. Kafin nan akwai AGSMEIS na masu sana'a, akwai kuma shirin Anchor Borrowers na manoma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015. Dukkansu bashi ne mai wa'adi, an sa hannu a kan takarda ko an danna amincewa a waya. Amma a unguwanni labarin da ya yaɗu shi ne rabon arzikin ƙasa ne, kowa ya karɓi nasa. Wasu ma ba su ga takardar da idonsu ba. Wani ne a shagon kwamfuta ya cike musu, ya cire kasonsa, ya miƙa musu sauran.

Akwai wani malamin makaranta da muka haɗa wa fayil, mutum mai kamun kai, shekararsa 19 yana aiki. Ya sami gida mai ɗaki uku a wajen Rijiyar Zaki, mai gidan ya yarda zai jira. Ranar da aka kira shi banki na raka shi. Ma'aikaciyar ta juyo da fuskar kwamfutar wajensa, ta nuna masa layi ɗaya da bakin biro: rancen 2020, ba a taɓa biyan ko kwabo ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce da ita a hankali, "Hajiya, wallahi na ɗauka kyauta ce. Buhun shinkafa da kuɗin makarantar yara na yi da su." Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce ya je ya biya, ya kawo takarda. Ya sayar da babur ɗinsa ya biya, amma kafin rahoton ya gyaru an shiga wata na uku, mai gidan kuma ya sayar wa wani.

Tun daga 1 ga Agusta 2020 akwai kuma tsarin GSI, wanda ya ba banki damar cire bashin da ya wuce wa'adi daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗinka, ko a wane banki yake. Masu ganin an zare musu kuɗi da tsakar dare ba su san dalili ba, sau da yawa wannan ne. Idan ka san ka karɓi irin waɗannan kuɗaɗe, kada ka jira a nemo ka. Ka je ka tambayi abin da ya rage, ka biya gaba ɗaya in da hali, in babu ka nemi a tsara maka biya kaɗan-kaɗan a rubuce.

Bashin manhajar waya fa? Dubu 15 ne kawai.

Manhajojin da ke aiki da lasisi suna kai rahoto kamar yadda banki ke kaiwa. Rahoto kuma ba ruwansa da ƙanƙantar kuɗi, abin da zai nuna shi ne an ba ka, ba ka mayar ba. Ma'aikacin banki zai ce a ransa, wanda ya kasa mayar da dubu 15, yaya zai yi da biyan shekara 20? Goge manhajar daga waya ko jefar da layin ba ya goge bashin. Ka biya ta hanyar da kamfanin ya tanada, ka adana shaidar.

Ana cire min wani bashi a albashi duk wata, ban taɓa saɓawa ba. Zai hana ni?

Ba zai ɓata maka suna ba, hasali ma shaida ce mai kyau. Amma zai rage abin da za a ba ka. Ƙa'idar ita ce abin da kake biya duk wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu, kuma bankin yakan haɗa har da tsofaffin basussukan da ake cire maka.

Ga lissafi. Mai ɗaukar naira dubu 150 a wata, kashi ɗaya cikin ukunsa dubu 50 ne. Da ruwan kashi 6 a shekara 30, dubu 50 a wata za ta ɗauki rancen kusan miliyan 8 da dubu 300. To a ce ana cire masa dubu 30 na bashin mota ko na kayan ɗakin 'yarsa. Saura dubu 20, wadda ba za ta ɗauki fiye da miliyan 3 da dubu 300 ba. Dubu 30 ta cinye masa miliyan 5. Shi ya sa nake gaya wa ma'aikata, shekarar da kake shirin neman gida ba shekarar karɓar firji da talabijin bashi ba ce. Idan saura wata huɗu ko biyar tsohon bashin ya ƙare, ka haƙura ya ƙare tukuna.

Albashi ne ya makara, shi ya sa biyana ya makara. Laifina ne?

A wurin Allah da wurin mutane ba laifinka ba ne. Rahoto dai kwanaki yake ƙirgawa. Jinkirin mako ɗaya ko biyu da aka cike daga baya ba ya kashe fayil, musamman idan bayanin asusunka ya nuna ranar da albashin ya shigo. Layin da ake tsoro shi ne kwana 90. Bashin da ya haura kwana 90 ba a biya ba, ƙa'idar Babban Banki ta sa shi cikin marasa motsi, kuma daga nan tabon ya yi zurfi. Idan ka ga za a kai haka, ka rubuta wa bankin tun kafin lokacin, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Na tsaya wa ƙanina ya ci bashi, bai biya ba. Ya shafe ni?

Ya shafe ka. Wanda ya sa hannu a matsayin garanto ya yi alƙawarin biya idan mai bashin ya gaza, kuma hakan yana iya bayyana a rahotonsa. Mu nan kunya ce ke sa mu sa hannu. Ƙani ya zo da takarda, ko abokin aiki ya ce "Yaya, sa hannu kawai ake so", ka ga ba za ka iya cewa a'a ba. Zumunci abu ne mai girma, ban ce a yanke shi ba. Amma ka sa hannu ne kawai a kan adadin da ka san za ka iya biya da aljihunka idan ta ɓaci. Wanda ya riga ya shiga, ya tara 'yan'uwa a zauna a san yadda za a sauke nauyin, domin bankin gidaje ba zai saurari bayanin cewa ba kai ka ci kuɗin ba.

Ni matar aure ce, ma'aikaciyar asibiti. Maigidana yana da bashin da bai biya ba. Za a hana ni saboda shi?

Hajiya, rahoto na mutum ɗaya ne, kowa da lambarsa. Bashin maigida ba ya hawa kanki sai idan kin tsaya masa, ko tare kuka karɓa, ko kuma kuna so a haɗa albashinku wajen neman rancen, wanda a nan za a duba ku duka biyu.

Inda mata ke shiga matsala shi ne bayar da BVN. Miji, ɗa, ƙani ko wata mai haɗa ƙungiyar mata a unguwa ta ce a kawo lamba za a sa ki a tallafi, ashe rance aka karɓa da sunanki. Na ga baiwar Allah da ba ta taɓa taka ƙofar wani ƙaramin banki ba, amma rahotonta ya nuna suna bin ta. Ki duba naki da kanki, ko da kin tabbata ba ki taɓa cin bashi ba. Lambar sirrin da ke shigowa wayarki kuma kada ki karanta wa kowa.

Yaya zan ga rahoton nawa?

Dokar 2017 ta ba ka haƙƙin karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara. Kowanne cikin kamfanonin uku yana da shafin intanet da ake nema ta ciki, da BVN da lambar wayar da ke ɗaure da ita. Wanda ya manta BVN ɗinsa ya danna *565*0# a layin da ya yi rajista da shi. Ka nemi na duka ukun, domin wani bankin yana kai bayani wuri biyu ne kawai, sai ka ga abin da babu a nan yana can.

Lokacin da ya dace shi ne wata 6 kafin ka kai fayil. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan rahoton ya zo, ka zauna da shi kamar yadda kake zama da littafin shago: sunanka da ranar haihuwa daidai suke? Kowane bashi ka san shi? Wanda ka gama biya an rubuta an rufe, ko har yanzu yana nuna saura? A duba zubin NHF ma a lokaci guda. Ana iya gani ta *219#, kuma ya kamata abin da ake cirewa a takardar albashinka ya yi daidai da abin da ya isa asusun. An sha cire wa ma'aikaci kuɗi amma ba a tura ba, shi kuma bai sani ba sai ranar nema.

Na ga bashin da ba nawa ba, ko wanda na riga na biya. Ina zan kai kuka?

Ka fara da bankin da ya kai bayanin, domin kamfanin rahoto ba ya sauya komai sai da tabbacin wanda ya aiko. Ka rubuta takarda, ka haɗa da rasit ko bayanin asusun da ke nuna biyan, ka ba kamfanin rahoton kwafi. Doka ta ba su kwanakin aiki 10 su warware. In ba su yi ba, sai ka ɗaukaka ƙara zuwa Babban Banki, wanda ke da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, daga nan kuma kotu.

Sau da yawa abin da ke faruwa ƙaramin saura ne. Mutum ya biya bashi ya ɗauka ya gama, ashe akwai naira dubu 2 na caji da ya rage, ya yi ta haihuwa shekara da shekaru. Saboda haka duk bashin da ka gama, kada ka bar bankin sai da takardar shaidar cewa ba sa bin ka komai, mai hatimi da sa hannu. Ka ajiye ta inda kake ajiye takardun gida.

Idan na biya, sunana zai fita nan take? Akwai wanda ya ce in ba shi dubu 50 ya goge min.

Kada ka ba shi. Babu wani mai shago ko ɗan tsakiya da ke da ikon goge bayani daga rumbun waɗannan kamfanoni, kuma wanda ka miƙa wa BVN da lambar sirri don ya wanke ka, shi ne zai iya ƙara ci maka wani bashin.

Idan ka biya, layin zai koma "an biya" bayan bankin ya aika sabon bayani, abin da kan ɗauki makonni. Tarihin jinkirin kuwa yana nan, domin doka ta ce a riƙe bayani aƙalla shekara 6. Wannan kada ya karya maka gwiwa. Bashin da aka makara amma aka biya daban yake da wanda aka gudu aka bari, kuma masu duba fayil sun san bambancin. Idan an zo cike fom, ka faɗi abin da ya faru da bakinka kafin su gano. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Malam, duk wannan bayani, ai kuɗin ruwa ne. Ina matsayin wanda ba ya son riba?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma mutane da yawa a Kano saboda ita suka bar zubinsu na NHF yana zaune har su yi ritaya a mayar musu. Rancen NHF na asali yana da ruwa, kashi 6, babu amfanin a sauya masa suna. Hukuncin shiga ko ƙin shiga na malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa.

Abin da zan iya faɗa shi ne akwai wasu ƙofofin. FMBN yana da tsarin haya har zuwa mallaka, inda kake shiga gida kana biya a matsayin haya har ya zama naka, kuma bankin ya fito da nau'insa marar ruwa da aka gina a kan ijara, wato haya bisa tsarin Musulunci. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da reshe a nan Kano, da TAJ da Lotus da suka biyo baya. Sai dai kada wani ya ɗauka can ba a duba tarihi. Su ma ƙarƙashin Babban Banki suke, rahoton nan dai shi za su nema, su ma kuma suna kai bayanin wanda ya saɓa. Mu da aka umarta a aya ta 282 ta Suratul Baƙara mu rubuta bashi idan mun ƙulla shi, bai kamata rubutun ya zama baƙon abu a wurinmu ba.

Rahotona fes yake, amma an dawo min da fayil. Me ya rage?

Galibi takardun gidan ne. Banki jingina yake karɓa, kuma ba ya karɓar abin da ba zai iya tsayawa da shi a kotu ba. Yawancin gidajen cikin Badala da filayen awon igiya na bayan gari, abin da ke hannun masu su takardar ciniki ce da shaidar mai unguwa da dagaci. A tsakaninmu ta wadatar, a wurin banki kuwa sai takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira C of O. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ce ba a jinginar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna. Don haka kafin ka ba dillali ko sisi, ka kai lambar takardar ofishin KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Kano, a bincika: sunan wa ke kai, an taɓa jinginar da shi, akwai kuɗin ƙasa da ba a biya ba? Gidan gado da ba a raba ba shi ma yakan tsaya, har sai magada sun daidaita a rubuce.

Kafin alƙalamin nawa ne, kuma zan iya cin bashi in biya shi?

Rancen da bai wuce miliyan 5 ba an ɗauke masa kafin alƙalami, daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin 100 ne. Ban da shi akwai kuɗin mai kimanta gida, na lauya, na inshora da na rajistar jingina, waɗanda mutane kan manta da su a lissafi.

Cin sabon bashin banki don biyan kafin alƙalami kuskure ne, domin zai fito a rahoton da ake shirin dubawa, ya kuma cinye kason nan na ɗaya cikin uku. Ga hanyar da ta fi: tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta ba mai asusun fansho damar amfani da har kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara a matsayin kafin alƙalamin gida, muddin an yi wata 60 ana zuba masa. Wannan kuɗinka ne, ba bashi ba, don haka ba ya shiga rahoto. A tuna dai abin da aka cire yau zai rage abin da za a karɓa bayan ritaya.

Shekarata 50. Na makara?

Ba ka makara ba, amma shekara 30 ɗin nan ba kowa ke samunta ba. Ana auna wa'adin ne da shekarun da suka rage maka kafin ka kai 60 ko ka cika shekara 35 a aiki. Gajeren wa'adi kuma yana ɗaga biyan wata. Miliyan 5 a shekara 30 kusan dubu 30 ce a wata, a shekara 15 ta haura dubu 42, a shekara 10 kuma ta wuce dubu 55. Ga mai shekara 50, kowane wata da aka ɓata wajen gyaran tsohon bashi daga cikin goman nan yake fita. Ka nemi rahotonka a wannan makon, ka zo da shi tare da takardun albashinka na wata 3 na baya-bayan nan, mu zauna mu yi lissafin abin da zai ɗauka.